Maɓallin agogo ya ɓalle: gyara ko canji?

Wani mai karatu daga Kano ya rubuto ya ce: "Malam, na sayi agogon Rolex na hannu a Dubai, mai sarƙar ƙarfe. Abin nan da ake naɗewa a danna ya kama a tsintsiyar hannu ya lalace. Na je wurin mai gyara na rasa sunan da zan kira shi. Makulli ne, ƙugiya ce, ko kwaɗo?"

Alhaji, maɓalli ne. Hausa tana ƙera sunan kayan aiki daga aikatau, ta sa ma- a gaba, -i a ƙarshe: buɗe ya ba mu mabuɗi, girba ya ba mu magirbi, ɗaura ya ba mu maɗauri, ɓalla ya ba mu maɓalli. Saboda haka abin da ya zagaye hannu gaba ɗaya shi ne maɗauri, na fata ne ko na ƙarfe, in na ƙarfe ne kuma a ce masa sarƙa. Wurin da bakunan biyu suke haɗuwa su kama juna shi ne maɓalli. Makulli da kwaɗo na ƙofa ne da akwati. Ƙugiya ta dace da sarƙar wuya, inda lanƙwasasshen ƙarfe yake shiga zobe. Irin naka mai naɗewa, wanda kamfanin Cartier na Faransa ya fito da shi wajen 1910, a ce masa maɓalli mai naɗi, kowa zai gane.

Amma inda nake so ka tsaya da kyau shi ne aikatau ɗin. Ɓalla shi ne a haɗa, ɓalle kuwa yana da fuska biyu. In ka ce wa mai gyara "maɓallin ya ɓalle", yana iya fahimtar cewa yana buɗewa da kansa, yana kuma iya fahimtar cewa ya karye ya rabu da sarƙa. Waɗannan cututtuka biyu ne, maganinsu ba ɗaya ba, kuɗinsu ma ba ɗaya ba.

In yana buɗewa ne da kansa, ka ce "ya saki" ko "ba ya kamawa". Tsofaffin maɓallan agogo, irin na shekarun 1960 zuwa 1990, da fallen ƙarfe aka yi su, aka lanƙwasa. Yawan buɗewa da rufewa yana sa lanƙwasar ta miƙe kaɗan, sai kamun ya yi sanyi. Gwani yakan mayar da lanƙwasar yadda take cikin ɗan lokaci, ba tare da ya canja komai ba. Na zamani kuwa daga curin ƙarfe ake sassaƙo su, kamunsu yana kan ɗan sifirin da ke ciki, wato ɗan ƙarfen nan da in an danna shi yake komawa yadda yake, don haka sifirin ɗin ake sakewa. In kuma fil ɗin gaɓa ne ya cinye, ko fallen ya tsage, sai ka ce "ya karye" ko "ya tsage". Nan ana bukatar sabon fil, ko waldar leza, wadda zafinta yake tsayawa a ɗigo ɗaya bai ƙona sauran ƙarfen ba. Kada ka yarda a kai maka shi wurin mai waldar ƙofa. In na zinari ne, a kai wa maƙerin zinari da zai yi liƙi da zinari mai karat daidai da nasa, wanda a manyan agoguna yawanci 18 ne.

Wata baiwar Allah daga Zinder ta tambaya: "Malam, mece ce ma'anar gyaran gangar Auzinawa? Na ji mahaifina ya faɗa lokacin da aka dawo masa da agogonsa daga gyara, yana ta ƙyalli, shi kuma ransa a ɓace."

'Yar'uwa, Auzinawa ko Abzinawa su ne mutanen Abzin, wato ƙasar Ayar da ke arewacin Agadas. Ana faɗin wannan magana ne in an yi gyaran da ya bar abu cikin halin da ya fi na da muni. Ƙanwarta ita ce "garin neman gira a rasa ido", sai dai akwai bambanci: ta gira tana zargin mai kaya da ya nemi ƙari, ta ganga tana zargin hannun da ya yi aikin.

Ina ganin na san abin da ya ɓata wa Baba rai, kuma yana da gaskiya. Ƙyallin nan daga gugar inji ya zo, guga kuwa cin ƙarfe take yi. Kowane zagaye yana rage kaifin gefuna, yana shafe tambarin kamfani da ke bayan maɓalli, kamar kambin nan na Rolex. Ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa. Masu tara tsofaffin agoguna sun fi son maɓalli mai 'yan ƙarce-ƙarce da tambarinsa a tsaye a kan wanda aka goge ya yi sumul. Shi ya sa bai kamata a cuɗa kalmomin nan ba. Gyara shi ne mayar da abu ga aikinsa. Kwaskwarima ta ido ce kawai. Faci shi ne toshe ɓaraka da wani abu daban. Wanda ya kai agogo ya ce "a gyara", bai ba da izinin kwaskwarima ba, kuma ya fi kyau ya faɗa da bakinsa cewa kada a goge.

Wani ɗan kasuwa daga Kumasi ya ce: "Na canja wa wani agogon Omega maɓalli, na sa wanda ba na kamfani ba. Zan iya ce wa mai saye na asali ne, tunda agogon kansa na asali ne? Kuma gwanjo zan kira shi ko na hannu?"

Ta biyun mai sauƙi ce. Gwanjo asalinsa cinikin wa-zai-ƙara ne, daga baya ya zama sunan tsofaffin tufafi. Tokumbo, wadda muka aro daga Yarbanci kamar yadda muka aro agogo kansa, ta fi zama a kan motoci. Ga agogo mai tsada, "na hannu" ya fi dacewa. Sai dai a kula, agogon hannu, wato na ɗaurawa, daban, agogo na hannu, wato wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, daban.

Ta farkon kuwa, a'a Malam, ba za ka iya ba. "Na asali" a bakin Bahaushe ta ɗauki kayan gaba ɗaya, ba kansa kaɗai ba. Maɓalli iri uku ne a nan. Akwai wanda agogon ya fito da shi, shi ne na asali. Akwai na kamfani da aka sa daga baya, wannan "na kamfani ne, amma canji ne". Akwai wanda wani ya ƙera. In bai ɗauki tambarin kowa ba, ka ce "ba na kamfani ba ne", babu laifi a sayar da shi a haka. In kuma an buga masa tambarin Omega alhali ba su suka yi ba, sunansa jabu, ɓoye shi kuma algus ne. Wanda ya san agogo ma zai gano, domin manyan kamfanoni suna buga lambobi a cikin maɓalli. A tsofaffin Rolex har akwai alamar da ke nuna lokacin da aka ƙera shi, ana gwada ta da shekarar agogon.

Wataƙila ka ce ai Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san tana zubar da ruwa. Haka ne, amma ƙarfin maganar yana kan "ya san". Mai sayen agogo na hannu ya san zai ga ƙarce da sakin sarƙa, bai san an sauya maɓalli ba sai ka gaya masa. In tsohon maɓallin yana wurinka, ko a karye yake, ka sa shi a 'yar leda ka haɗa wa mai saye, domin yana ƙara wa agogon daraja kuma ana iya gyara shi wata rana. Nan gaba in za ka kai wani agogon a canja masa, ka tambaya tun kafin a taɓa shi ko za a dawo maka da tsohon, don wasu cibiyoyin gyara na kamfanoni sukan riƙe abin da suka cire.