Inda Babu Ƙasa: Amsar Tambayoyi Kan Gwanayen Ƙwallon Gora na Kan Ƙanƙara

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Kanada. Nan kullum gardamar abokaina ɗaya ce: a wasan da Turawa ke kira ice hockey, wane ne ya fi tsakanin Gordie Howe, Wayne Gretzky da Alexander Ovechkin. Na ce musu mu Hausawa mun gama magana tuntuni, inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. Na yi daidai? Kuma yaya zan kira wasan da Hausa?

Amsa: Sunan wasan ba shi da wahala, ɗan'uwa. Ƙwallon gora shi ne wanda ake bugawa da sanda mai lanƙwasa, sai ka ƙara "na kan ƙanƙara". Kada ka ce dusar ƙanƙara, domin dusa ita ce mai laushin nan da ke zubowa daga sama, wasan kuwa a kan daskararren ruwa mai santsi ake yinsa. Abin da ake bugawa ba mulmulalle ba ne, faifan roba ne baƙi, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa bai wuce giram 170 ba, kuma sai an daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Duk da haka in ya shiga raga "an ci ƙwallo" za mu ce.

Karin maganar kuwa ka ɗauko ta a wurinta, amma ka ɗora mata kayan da ba nata ba. Asalinta raddi ce ga mai cika baki: ga fili, ga abokin karo, a daina surutu a kama. Tana zargin wanda ke kurin abin da ya san ba za a gwada shi ba. Abokanka ba kuri suke yi ba. Howe ya fara wasa a gasar NHL, babbar gasar wannan wasa ta Kanada da Amurka, a 1946, Gretzky ya yi ritaya a 1999, Ovechkin ya shigo a 2005, ba ranar da za a tara su a fili ɗaya kowa na kan ganiyarsa. Ƙasar kokawar ta tafi, gaskiya ne. Sai dai akwai wata ƙasar da ta rage, wato a auna kowane ɗaya da mutanen zamaninsa.

Ga yadda ake yi. A kakar 1952-53 Howe ya ci ƙwallo 49 a wasa 70. A kakar 1981-82 Gretzky ya ci 92 a wasa 80. Wanda ya tsaya nan zai ce Gretzky ya kusa ninka shi. To ka fara raba ƙwallaye da yawan wasanni: Howe 0.70 a kowane wasa, Gretzky 1.15. Sannan ka nemi yawan ƙwallayen da ƙungiyoyi biyu ke ci a wasa guda a wannan kakar. A shekarar Howe kusan 4.8 ne, a ta Gretzky kusan 8. Raba na farko da na biyu. Kowannensu zai faɗo kan kashi 14 da ɗoriya cikin ɗari. Tazarar nan ta ƙwallo 43 ta narke kusan gaba ɗaya.

Amma lissafin yana da ramuka, kuma masu gaggawa a ciki suke faɗawa. Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi shida ne kacal a gasar, 'yan wasan kusan duka 'yan Kanada. Yau ƙungiyoyi 32 ne, ana ɗebo 'yan wasa daga Amurka, Rasha, Suwidin, Finlan da sauransu. Wani zai ce samun gurbi a ƙungiya shida ya fi wuya, wani ya ce tafkin da ake kamun kifin yanzu ya fi faɗi, kuma duka biyun suna da hujja. Maurice Richard ya ci 50 a wasa 50 a kakar 1944-45, bajinta ce babba, amma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, 'yan wasa da dama suna aikin soja. Sannan gwanayen Tarayyar Sobiyet irin su Valeri Kharlamov da mai tsaron raga Vladislav Tretiak ba su taɓa buga NHL ba, sai a 1989 ƙofa ta buɗe wa irinsu Viacheslav Fetisov da Igor Larionov. Duk ma'aunin da ya tsaya a kan alƙaluman NHL ya bar su a waje.

Tambaya: Malam, na ji an ce "zamani riga". Shin ba wannan ce ta fi dacewa ba?

Amsa: Ita ce, malama, kuma a wannan wasa har a zahiri ta tabbata. Ma'anarta kowane lokaci da yayinsa, mutum ba ya sa rigar zamanin da bai zo ba. Masu tsaron raga sun daɗe suna tsayuwa da fuska a buɗe gaban faifan da ke tahowa da gudun da ya fi na mota a babbar hanya. Sai ranar 1 ga Nuwamba 1959 Jacques Plante na ƙungiyar Montreal ya ji rauni a fuska, aka ɗinke shi, ya ƙi komawa sai da abin rufe fuska. Wanda fuskarsa ke buɗe a tsaye yake tsaron raga, ba ya son durƙusawa. Da kariya ta inganta, sai salon faɗuwa kan gwiwoyi a toshe ƙasan raga ya bazu, wanda Patrick Roy ya shahara da shi, cin ƙwallo ya yi ta raguwa har wajen 2004 ya koma biyar da 'yan kai a wasa. A 2005 aka rage girman kayan mai tsaron raga, aka sassauta dokar miƙa faifai mai nisa. Sandar itace ma ta ba wa sandar zaren kabon wuri, mai sauƙin nauyi da ƙarfin harbi. Hular kwano ba ta zama dole ga sababbin 'yan wasa ba sai 1979. Wanda bai san wannan jerin ba, ba zai gane dalilin da ya sa ƙwallo 50 ta 1985 da ta 2003 ba kuɗinsu ɗaya ba.

Tambaya: Wace kalma ce ta dace da wanda ya fi kowa: gwani, gwarzo ko zakara?

Amsa: Ba ɗaya suke ba, kuma rabin gardamar daga cakuɗa su take tasowa. Gwani mai ƙwarewa ne, wanda hannunsa da idonsa suka nuna a kan sana'a. Shi ya sa ake kiran wanda ya goge a haddar Alƙur'ani gwani. Wannan ta Gretzky ce: ba shi da girman jiki, amma sau 1,963 ya miƙa wa wani ya ci, adadin da shi kaɗai ya fi jimillar makin duk wani ɗan wasa daban a tarihin gasar (maki shi ne ƙwallayen da mutum ya ci haɗe da waɗanda ya miƙa aka ci). Gwarzo kuwa juriya da rashin tsoro yake nufi. Howe ya buga wasansa na ƙarshe a NHL a 1980 yana da shekara 52. Mario Lemieux ya dawo fili a 1993 bayan jinyar ciwon daji, ya kuma fi kowa maki a wannan kakar. Zakara shi ne wanda ya lashe gasa, kalmar nasara ce, ba ta auna gwaninta. A nan Henri Richard, ƙanen Maurice, ya sha gaban kowa da kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, har 11, amma ba a cika sa shi a sahun farko ba.

Ni a ganina Bobby Orr ne ya fi wahalar sa wa suna. Mai tsaron baya ne, amma sau biyu ya fi kowa maki a gasar, a 1970 da 1975, ya karɓi kyautar fitaccen mai tsaron baya sau takwas a jere, ciwon gwiwa ya tsayar da shi bayan wasa 657 kacal. Wanda ya sauya yadda ake yin aikin kansa, gagarabadau ya fi dacewa da shi.

Tambaya: "Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari." Ashe ba tana nufin mutanen da ba za a taɓa kamo su ba?

Amsa: A'a. "Na gaba" a nan wanda ke gaba a tsere ne, ba wanda ya riga zuwa duniya ba. Ruɗanin yana zuwa ne saboda muna kiran waɗanda suka shuɗe magabata, masu tasowa kuma 'yan baya. Ana faɗarta ne in tazara ta yi nisan da ba a sa ran rufe ta. Ta zauna daram a kan makin Gretzky 2,857, domin na biyu, Jaromir Jagr, a 1,921 ya tsaya. Amma an daɗe ana faɗin irinta a kan ƙwallayen Gretzky 894, sai ga Ovechkin ya ci ta 895 ranar 6 ga Afrilu 2025, a wasansa na 1,487, daidai da yawan wasannin da Gretzky ya buga.