In Kai Yara Gidan Namun Daji, Ko In Haƙura?

Malam, yarana sun matsa mini in kai su gidan namun daji a wannan hutun. Ni kuwa tun da na ga wani zaki yana ta kai-komo cikin keji, abin ya tsaya mini a rai. Idan na biya kuɗin shiga, ban taya zalunci ba kuwa? Daga wata uwa.

Hajiya, idonki bai yaudare ki ba. Zakin da ke bin layi ɗaya yana dawowa, da giwar da ke rausaya dama da hagu ba dalili, masana sun daɗe suna ɗaukar hakan alamar ƙunci. Sai dai ba a taru aka zama ɗaya ba. Akwai gidajen da ba don su ba, da wasu dabbobin sai a hoto. A 2000 aka ayyana cewa mariri mai lanƙwasassun ƙahoni ya ƙare a daji ƙaf. Waɗanda suka rage a hannun masu kiwo da gidajen namun daji su aka hayayyafa, aka fara mayar da su Chadi a 2016, kuma a 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ɓace daga daji. Haka ungulun Kalifoniya: 27 suka rage a duniya a 1987, aka kama su duka aka kiwata, yau sun haura 500.

Amma kada wannan ya rufe miki ido. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2008 ya nuna rabin giwayen Afirka mata da aka haifa a gidajen namun daji na Turai ba sa wuce shekara 17, alhali 'yan'uwansu na dajin Amboseli a Kenya, in ba mutum ne ya kashe su ba, rabinsu sukan kai 56. Irin wannan damuwar ce ta sa gidan da ke Detroit a Amurka ya sallami giwayensa zuwa wurin da ya fi faɗi a 2005. Ko manyan gidajen ma sukan yi abin da ke ta da hankali. Na Kofanhegan a Denmark ya kashe lafiyayyen raƙumin dawa a 2014 don ba a bukatar irinsa wajen hayayyafa, ya ba zakuna naman.

To, ki je, amma ki zaɓi inda za ki. Ki duba ko akwai inuwa da ruwa mai tsabta, da lungun da dabba za ta ɓuya idan ta gaji da idon mutane. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, ni kuwa da shi nake auna gida. Biri ko giwa, da suka saba zama cikin garke, an bar su su kaɗai? Akwai likitan dabbobi? Muna da ma'auni tun tuni a hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Wanda ya tsare rai, haƙƙinsa na wuyansa. Idan kin tarar da ramammun dabbobi a kan siminti, ki fita da yaranki, ki gaya musu dalili.

Zan yi tafiya ƙasar waje, kamfanin ya haɗa mini da kallon wasan dolfin da ɗaukar hoto da ɗan zaki. In karɓa? Daga wani matashi.

Ɗan'uwa, ka ce su cire maka duka biyun. Ɗan zakin da ke kwance a cinyar baƙo an raba shi da uwarsa tun yana jariri, kuma a gonakin zaki na Afirka ta Kudu da yawansu in sun girma mafarauta ake sayar wa, su harbe su cikin shinge. Dolfin kuwa dabba ce mai shayarwa da ke yin tafiya mai nisa a teku, kududdufin siminti bai ishe ta ba. Kanada ta hana kamawa da hayayyafa irinsu don nishaɗi a 2019, SeaWorld ma, kamfanin wasan dabbobin ruwa na Amurka, ya daina hayayyafar orka, wato babban nau'in dolfin, tun 2016. Gidan kallon kifaye da ba ya sa dabba rawa, wannan ka shiga.

An yi mini tallar aku mai toka-toka da jan wutsiya, yana magana rangaɗau. In saya? Daga wani magidanci.

Maigida, fara tambayar mai tallar inda aka ƙyanƙyashe shi, ka nemi takarda. In ya fara kame-kame, daga daji aka ɗauko shi, kuma da yawa sukan mutu a hanya kafin ɗaya ya iso kasuwa. Tun 2017 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta hana cinikin irin wannan akun tsakanin ƙasashe idan daga daji aka kamo shi. Kada ma tausayi ya ja ka ka ce za ka saya don ka cece shi, kuɗinka ne zai sa a koma a kamo wani.

Ajiye tsuntsu a gida ba laifi ba ne in an ba shi haƙƙinsa. Amma aku yakan yi shekara 40 ko fiye, yana da ƙwaƙwalwa, kuma kaɗaici kan sa ya riƙa fizge gashin jikinsa har ƙirjinsa ya zama tsirara. Idan ba ka da lokacin zama da shi kullum da wurin da zai buɗe fikafikai ya tashi, ka bar shi.