"Ai tana aiki a laftof ɗina"

Wai tambayarka ita ce, "Oga, tunda manhajar tana aiki a laftof ɗina, me ya sa sai an ƙunshe ta a Docker, an jira gwaji ya gama kafin a ɗora ta?" Zauna, yaro. Docker ɗin nan shi ke haɗa manhaja da duk abin da take buƙata a ƙunshi ɗaya, ta yi aiki iri ɗaya a kowace kwamfuta. Wannan maganar ce ta cinye min guminan wata uku.

Wani dilan hatsi a Kawo ya ba ni kwangilar manhajar da za ta duba hoton rasit ta shigar da lissafi. Na horar da ita, na gwada a kwamfutata, lafiya lau. Ranar Juma'a ina sauri kar salla ta wuce ni, na kwashe fayiloli da hannu na zuba a sabar, wato kwamfutar da manhajar za ta zauna tana aiki, ban ƙayyade sigar laburaren Python (shiryayyen kod da manhajar ke dogara da shi) ko ɗaya ba. Sabar ta jawo sababbi. Da ma tsayawa ta yi cak, da na huta! Shiru ta riƙa karanta 7 a matsayin 1 har Litinin. Alhaji ya tsayar da ni gaban yaran shagonsa, wai na zo in karya shi. Cikon kuɗina har yau babu labari, kuma na ji ɗan ƙanensa ya taɓa layi biyu na kod ɗin, suna ta cin moriyar aikina. Allah ya isa. Ko yanzu in na bi ta Kawo, kau da kai nake yi.

Yadda ake rubuta Dockerfile, fayil ɗin umarnin haɗa ƙunshin, ba zan ɓata yawuna ba, Docker tun 2013 yake, je ka karanta. Abin da ku 'yan yanzu ba ku ganewa, ku masu kwafo komai daga ChatGPT ko dubawa babu: ƙirƙirarriyar basira in ta lalace ba ta kuka, ƙarya take shirga maka da fara'a. Shi ya sa nake tara rasit na gaske waɗanda na san amsarsu, masu maiƙo, yagaggu, masu rubutun da ko mai shi sai ya yi da gaske. Duk wanda ya turo canji, GitHub Actions, mai gudanar da gwaji da kansa, ya haɗa ƙunshin ya gwada shi a kansu. Maki ya sauka, ƙofa a rufe. Ƙunshin da ya ci jarrabawa shi zai hau sabar, ba wani da ka sake haɗawa ba. Na jiya kuma ajiye shi kusa, ko za a koma.

Knight Capital, kamfanin cinikin hannun jari a Amurka, 2012, sabar ɗaya cikin takwas aka manta ba a sabunta ba, dala miliyan 440 suka salwanta cikin minti 45. Balle kai.

Makullin API, lambar sirrin nan ta shiga wata manhaja, da na gani cikin kod ɗinka jiya kuma, cire shi kafin la'asar.