Amsa ga ƙanena mai koyarwa a Tawa, kan zuwa Kanada koyon auna ɗalibai

Ƙanena, saƙonka ya iso, na kuma ji gaisuwar Inna. Ka ce kana son ka ajiye alli ka zo Mantiriyal ka yi masta a fannin auna ɗalibai, don ka gaji da debuwar da kwamfozisiyo waɗanda ba sa nuna maka komai sai wanda ya fi iya hadda. Ka kuma tambaye ni ko jadawalin ba da maki da koyarwa ta hanyar aiki, da kake karantawa a intanet, za su yi amfani a aji mai yara sama da saba'in.

Za su yi, amma a nawa ganin kada ka fara da neman biza. Fara da ajin da ke hannunka.

Abin da zai fara ba ka mamaki a nan, a matsayinka na ɗalibi, shi ne ranar farko ta darasi. Malami zai miƙo takarda mai ɗauke da duk abin da za a yi har ƙarshen zango: ayyuka nawa ne, kowane kashi nawa yake ci cikin ɗari, ranar miƙawa, da abin da za a duba wajen gyara. A jami'ar UQAM da ke nan Mantiriyal ma har yarjejeniya ake ƙullawa tsakanin malami da ɗalibai kan yadda za a auna su, a makonnin farko, a sa hannu. Ka tuna mushenmu na lise da barem ɗinsa, wato ma'aunin rabon maki, a aljihu, ya ba ka 7 bisa 20 da jan biro, ka kuskura ka tambayi dalili ka zama marar kunya? To nan jadawalin yana hannunka tun kafin ka rubuta kalma ɗaya. Kamar tiya ce a kasuwar hatsi, mai saye da mai sayarwa duk ido na kanta.

Wannan kuwa ba ya buƙatar kwamfuta. Tunda kimiyyar halittu kake koyarwa, ɗauki albasa, abin da ba yaron Adar da bai sani ba. Kowa ya san manomin Galmi yana sayarwa da arha lokacin girbi saboda tsoron ruɓa, wanda ya iya ajiya a rudu, rumbun albasa, kuma shi ke cin ribar bayan watanni. Raba ajin ƙungiya-ƙungiya, ta mutum bakwai ko takwas. Kowace ƙungiya ta ajiye albasa wuri uku: cikin buhu, a ƙasa kan siminti, da kan gadon kara inda iska ke shiga. Duk mako su auna nauyi da sikelin da ka aro wurin mai shago, su ƙirga waɗanda suka ruɓe ko suka tsira, su rubuta a kaye. Bayan wata biyu su zana hoton lissafi, su zo gaban aji su faɗi abin da suka gano da dalilinsa.

Ran da za a fara, sai ka zana jadawalin a tablo su kwafa. Layi biyar: tattara bayani, lissafi, bayanin dalili, magana gaban jama'a, rabon aiki. Kowane layi mataki huɗu, biyar sau huɗu ashirin ke nan, makin ya shiga bultan ba tare da darakta ya ɗaga maka gira ba. Wahalar tana wajen rubuta matakan. Idan ka sa "da kyau ƙwarai, da kyau, dama-dama, ba kyau", ba ka yi komai ba, tsohon barem ne ka sake wa riga. Dole kowane mataki ya faɗi abin da ido zai gani. A layin bayanin dalili, misali, maki ɗaya na wanda ya ce "ta buhu ta fi ruɓa" ya yi shiru. Biyu na wanda ya ƙara da cewa zafi ne ko laima. Uku na wanda ya nuna lambobin kayensa a matsayin shaida. Huɗu na wanda ya haɗa da abin da aka koya kan ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci, har ya ba manomi shawara. Yaron da ya samu biyu ya san abin da ya rage masa, ba sai ya je gida ya ce mushe ba ya sonsa ba.

A kowace ƙungiya akwai ɗan ci-ma-zaune, nan ma haka ne, har da masu gemu a ajin masta. Maganinsa kada su zaɓi mai magana da kansu. Ran gabatarwa ka jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa shi zai tashi, sai ka ga sauran sun zaunar da ragon suna koya masa tun kafin ranar. Ka kuma bar yaro ya fara bayani da Hausa kafin ya maimaita da Faransanci. Sau da yawa sifirin da muke bai wa yaro a kimiyya na harshe ne, ya fahimci abin sarai, bakin ne ya ƙi.

Kada dai ka ɗauka nan an gama warware komai. Koyarwa ta hanyar aiki tsohon zance ne, tun 1918 Kilpatrick, wani masanin ilimi na Amurka, ya yi rubutu a kai. Lardin Kebek, inda Mantiriyal take, ya shiga gyaran tsarin karatunsa a 2000, aka karkata ga ƙwarewa da ayyuka, iyaye suka yi ca, suna cewa ba su gane takardar sakamakon ƴaƴansu. Aka dawo da maki bisa ɗari, a 2011 kuma aka yi takardar sakamako iri ɗaya ga duk lardin, 60 ce ta tsallakewa. Iyayen Tawa ma na nawa ɗansu ya zo a aji za su tambaye ka, jarrabawar brebe kuwa har gobe a rubuce ake yin ta. Saboda haka aiki ɗaya a zango ya isa, sauran lokacin ka bi manhaja. Gyaran ƙungiya goma da jadawali ya fi gyaran takarda saba'in sauƙi, amma shirya shi zai cinye maka hutu guda.

Batun zuwa kuma, sai jami'a ta karɓe ka, sannan takardar amincewar Kebek da ake kira CAQ, sannan izinin karatu na gwamnatin tarayya, da shaidar kuɗin makaranta da na zama. Tun 2024 Kanada ta taƙaita yawan izinin da take bayarwa, aikin da ɗalibi zai yi a wajen jami'a kuma bai wuce awa 24 a mako ba lokacin karatu, ba zai biya kuɗin makarantar baƙo ba. Albashin ɗan kwantaragi ba zai ɗauki wannan ba sai da burs, kuma ban yarda a taɓa filin Baba ba. Ka kuma sani mastar bincike ba ta ba ka damar koyarwa a makarantun gwamnatin nan, wannan sai da lasisin koyarwa na lardin, hanyarsa daban.

Ga inda albasar za ta yi maka rana. Malamin da zai jagoranci bincikenka wasiƙu masu cewa "ina sha'awar ilimi" sun ishe shi. Amma wanda ya rubuto cewa ya gwada jadawali a aji mai yara saba'in, ga hoton tablo, ga kayen yara, ga makinsu kafin da bayan, ga inda abin ya cije, wannan ya zo da tambayar da littattafan nan ba su cika amsawa ba, don ajinsu bai kai rabin naka ba. Kafin nan leƙa sashen ilimin koyarwa na jami'ar Djibo Hamani da ke nan kusa da kai, da babbar makarantar horar da malamai ta jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ka ji abin da suke da shi. Wasiƙar shaida daga malamin can tana da nauyi a takardunka.

Ka rubuta jadawalin da hannu ka ɗauko hotonsa ka turo mini ta WhatsApp kafin a koma lakwal, in duba matakan tare da kai. Ka gaida Inna da amarya, ka ce maganin ƙafar yana hanya.