Tambaya da Amsa: Gasasshen Dankali a Gefen Naman Salla

Da salla ta ƙarato, saƙonnin da suka shigo mana wannan karon kusan duk a kan dankali suke, wanda wasu ke kira kudaku. Dankalin Hausa muke nufi, mai zaƙi, ban da na Turawa. Ga waɗanda muka zaɓa.

Wata uwargida, unguwar Zariya, Maradi: Assalamu alaikum. Na ga yadda ake gasa dankali a intanet, na bi komai daki-daki, minti 40 a tanda. Nawa ya fito a bushe ƙamas, yana shaƙe mutum, ba ya wucewa sai da ruwa. Ina na kuskure?

Wa alaikumus salam, uwargida. Hannunki lafiya lau yake, dankalin ne ya bambanta. Yawancin waɗannan hotunan daga Amurka suke fitowa, inda ake gasa shi a bikin godiyarsu na Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, kuma nasu mai jan ciki ne kamar karas, mai ruwa a jiki. Wanda ya fi yawa a kasuwanninmu cikinsa fari ne ko mai ɗan rawaya, ko da ɓawonsa fari ne ko ja. Shi gari ya fi yawa a jikinsa, ruwansa kaɗan, to in kika jefa shi ɗanye cikin tanda mai zafi, ɗan ruwan da yake da shi sai ya ƙare kafin cikinsa ya nuna.

Ga yadda za ki yi da kilo 1 na farin dankali. Ki feraye shi, ki yanka gutsi-gutsi masu kaurin santimita 3, wato kamar faɗin yatsu biyu, kuma su zo daidai da juna, don ƙananan za su babbake tun manyan ba su nuna ba. Kina yankawa kina jefawa cikin ruwa, saboda iska na mayar da shi baƙi. Ki ɗora ruwa da gishiri, in ya tafasa ki zuba dankalin, ki ba shi minti 5 zuwa 6 kawai. Bakin wuƙa ya ɗan shiga gefensa, tsakiyar tana nan da ƙarfinta. Ki juye a kwando, ki bar shi minti 10 tururin ya fice, jikinsa ya bushe. Wannan tsanewar mutane ke raina wa, alhali jiƙaƙƙen dankali ba ya yin ja a tanda ko da zai kwana a ciki.

Sai ki zuba masa man gyaɗa babban cokali 3 da gishiri ƙaramin cokali 1, ki cakuɗa da hannu har kowane yanka ya yi sheƙi. Tandar ta riga ta yi minti 15 tana ɗaukar zafi a digiri 200 zuwa 220, da faranti a cikinta. Ki shimfiɗa dankalin a kan farantin mai zafi, ɗaiɗai, kada wani ya hau wani. Minti 20 na farko kada ki taɓa shi, kada ki riƙa buɗe ƙofa kina leƙe. Bayan nan ki juya, ki ƙara masa minti 10 zuwa 15, har gefensa ya yi ja.

In mai jan ciki kika samu, ba ya buƙatar tafasawar nan, ɗanye za ki gasa shi, minti 35 zuwa 40. Shi ne kuma ya fi amfani ga yara da masu ciki, don wannan launin nasa jiki ke mayarwa bitamin A, man da aka gasa shi da shi kuma yana taimaka wa jiki ɗaukarsa. Wani abu da ke rikita mutane: in kika ga an rubuta zafin tanda 400 ko 425 a intanet, ma'aunin Amurka ne, a tandarki 200 ke nan da 220.

Wata amarya, Tibiri: Ni ba ni da tanda, murhun gawayi kawai gare ni. Duk sanda na ɗora dankali a wuta bayan ya ƙone, cikin ɗanye. Akwai dabara?

Akwai, amarya, har guda biyu, kuma kada rashin tanda ya dame ki, don gashin gawayi ya fi ƙamshi. Abin da ke ɓata miki shi ne harshen wuta. Dankali garwashi yake so wanda ya kwanta, toka ta fara rufe shi.

Ta farko ita ce ta kakanni: binnewa a ruɓushi. Ki zaɓi matsakaita, waɗanda ba su fi kaurin tsintsiyar hannu ba, ki wanke, ki tsane, ki soke kowanne sau huɗu ko biyar da cokali mai yatsu don tururi ya sami hanya. Ki ture garwashin gefe, ki kwantar da su cikin toka mai zafi, ki rufe da toka, sannan ki mayar da garwashin bisa. Tokar ce ke tare zafin kada ya ci ɓawon kai tsaye. Bayan minti 25 ki tone ki juya, ki sake rufewa. Minti 45 zuwa awa ɗaya sun nuna, gwargwadon girmansu. Tsinke ya ratsa har tsakiya ba tare da turjiya ba. In kina da takardar alminiyom ki naɗe su, za su fito tsaf ba toka, sai dai ɓawon zai yi laushi.

Ta biyu ita ce ta masu gasa kek. Ki zuba rairayi mai tsabta, busasshe, a babbar tukunyar ƙarfe, zurfin yatsu uku, ki rufe ki ɗora a wuta minti 15. Ki jera duwatsu uku ƙanana bisa rairayin, ki ɗora faranti a kansu da yankakken dankalin da kika shirya kamar yadda muka faɗa wa uwargida a sama. Ki rufe, ki ɗebo garwashi ki zuba bisa murfin. Wutar sama ta ɗan fi ta ƙasa, in ba haka ba ƙasan zai kama, saman yana fari. Wannan kan ɗauki minti 40 zuwa 50, a juya sau ɗaya. Idan kin buɗe, ki goge gumin da ya taru a murfin kafin ki mayar, kada ya ɗiga a kan dankalin.

Muna roƙonki da babbar murya, a tsakar gida za ki yi wannan aikin. Gawayi a ɗaki rufaffe yana fitar da iskar da ba ta da wari, tana kuma kisa.

Wani magidanci, Madarunfa: Daga gona ɗaya nake samun dankali, amma wani lokaci gashin ya yi zaƙi kamar zuma, wani lokaci salam. Me ke kawo haka?

Malam, abu biyu ne: kwanakin da ya yi bayan tono, da irin wutar da ya fara haɗuwa da ita.

Sabon tono bai cika zaƙi ba. In ya sami kwana 7 zuwa 10 a shimfiɗe a inuwa, wuri mai ɗumi, an lulluɓe shi da buhu, raunukan da fartanya ta yi masa suna warkewa, wani ɓangare na garinsa kuma yana komawa sukari. Shi ya sa wanda ya kwana biyu ya fi na jiya daɗi.

Na biyun ya fi muhimmanci ga mai gashi. A jikin dankali akwai wani sinadari da ke narkar da gari ya mayar da shi sukari, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu: shi ne dalilin da mata ke niƙa dankali cikin kunun zaƙi, kunun ya yi zaƙi ya tsinke. Sinadarin yana aiki sosai lokacin da zafin cikin dankalin ke tsakanin digiri 60 da 75. Da zafi ya wuce haka sai ya mutu. Ke nan dankalin da ya daɗe yana ɗumama a hankali ya fi zaƙi, wanda aka afka wa wuta mai ƙarfi tun farko kuma bai sami wannan damar ba. Binnewa a toka na ba da zaƙi saboda haka. Mai tanda da ke son gasa shi sukutum, ya saka a digiri 150 na awa ɗaya, sannan ya ɗaga zuwa 220 na minti 15. Zai ga wani ruwa mai danƙo yana tsatsowa daga inda aka soke, alamar an dace ke nan.

Kada a ajiye ɗanyen dankali a firigo. Sanyin da ya gaza digiri 12 yana lalata shi, tsakiyarsa ta ƙanƙare, ko an gasa ba ta laushi, ɗanɗanon ma ya canja.

Wata ɗaliba, unguwar Ali Ɗan Sofo: Na gasa, wasu yankan sun fito da ɗaci sosai da wani wari. Mai ne ya lalace?

Da wuya ya zama mai, ƴar'uwa, tunda wasu ne kawai suka yi ɗaci. Ƙwaron dankali ne. Tsutsarsa na haƙa hanyoyi baƙaƙe a ciki, dankalin kuma ya fitar da wani abu mai ɗaci don kare kansa, wuta ba ta kawar da shi. A kasuwa ki duba ɓawon: ƙananan huji kamar na allura, musamman wajen kai, alamarsa ce. Ki ɗauki mai nauyi a hannu, mai santsi, ki bar wanda ya yamutse ko ya yi tabo mai laushi. Wanda ya yi fumfuna ko baƙin ruɓa a zubar da shi duka, kada ma a ba dabbobi. Shi kuwa farin ruwan nan kamar madara da ke fitowa in an yanka, ba aibu ba ne.

Wata Hajiya, Tasawa: Ina sa ran baƙi kusan 20 washegarin layya. Kilo nawa zan saya, yaya zan yi ya fito da zafinsa tare da nama, kuma zan iya amfani da kitsen rago maimakon mai?

Hajiya, Allah Ya karɓi ibada. Tunda ga nama ga shinkafa, giram 200 zuwa 250 na ɗanye ya ishi mutum ɗaya. Kilo 5 ke nan, da na ɓawon da za a feraye.

Inda ake faɗawa rami shi ne faranti. Farantin tandar gida kilo 1 yake ɗauka in an shimfiɗa yadda ya kamata. Uwargida ta ga baƙi sun cika gida, sai ta tula kilo 3 a faranti ɗaya, tururin wannan ya dafa wancan, a ƙarshe a sami dafaffen dankali mai maiƙo wanda ke farfashewa in an juya. Gara ki raba aikin. Da sassafe ki sa a feraye, a tafasa na minti 5, a tsane, a baza a manyan tire. Ki gasa faranti biyu-biyu in tandar na da hawa biyu, kina musanya na sama da na ƙasa a tsakiyar lokaci, ki cire su sun nuna amma ba su gama ja ba. In an kusa zuba abinci sai ki mayar a digiri 220 na minti 8 zuwa 10. A wannan zagayen ana iya ɗan cika farantin. Kada ki zuba shi a kula ki rufe, gumi zai mayar da shi lugub. In ana gashin rago a gidan, wutar nan ma tanda ce: a ja ruɓushi gefe a binne matsakaitan dankali, a raba su biyu lokacin ci.

Kitse yana yi, yana ma ba shi ɗanɗanon da man gyaɗa ba zai ba shi ba. Ki narkar da shi a wuta kaɗan, ki tace, ki haɗa rabi da rabi da man gyaɗa. Zallansa yana daskarewa da zarar abinci ya huce, ya kama dasashi, to wanda aka yi da kitse a ci shi da zafi.

Kayan ƙamshi kowanne da lokacinsa. Garin citta, masoro da ɗan kanumfari suna jure wuta, a saka su tare da mai. Dakakkiyar tafarnuwa sai saura minti 10, in ta riga haka za ta ƙone ta yi ɗaci. Yaji mai ƙuli-ƙuli kuwa ba ya shiga tanda sam, a barbaɗa shi da an sauke, maiƙon jikin dankalin zai riƙe shi. A ganinmu zuma da sukari ba su da wuri a nan. Dankali ya zo da zaƙinsa, nama ya zo da maiƙonsa, abin da farantin ke nema shi ne tsami da yaji: a matsa lemon tsami biyu a kan kowane kilo 2, a watsa ɗanyar albasa da tattasai. In akwai kwaɗon zogale a gefe, an gama magana. Wadda ta nace sai ta sa zuma, cokali 1 a kilo, a minti 5 na ƙarshe.

Wani matashi, Gidan Runji: Mahaifina yana da ciwon sukari, yana kuma son dankali. Ya halatta ya ci gasasshe?

Allah Ya ba Baba lafiya. Gasasshe ya fi dafaffe saurin ɗaga sukarin jini, saboda wannan narkewar garin da muka bayyana wa Malam na Madarunfa, ga kuma ruwan da ya ragu. In zai ci, dafaffe da ɓawonsa ya fi masa, ɗan kaɗan, tare da nama da ganye, kuma ya tsaya a madadin shinkafa ko tuwo, kada a haɗa masa su a faranti ɗaya. Yawan da ya dace da shi likitansa ne zai faɗa, don ya danganta da maganin da yake sha.

Wata uwargida, Sabon Gari, Maradi: In ya rage yaya zan adana shi?

Shekarun nan babbar salla tana faɗowa a lokacin zafi, kuma kin san zafin Maradi. Kada ya wuce awa ɗaya a waje bayan ya huce. A firigo, cikin roba mai murfi, yana kwana 3. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku, ki raba shi ga maƙwabta a ranar. Wajen ɗumamawa ki sa ɗan mai a kasko, ki juya shi minti 5 a wuta matsakaiciya har ya yi zafi ciki da waje, ko ki fasa masa ƙwai da albasa ya zama karin kumallo.