Tambaya da Amsa: Tashoshin HD sun ɗauke, sauran kuma suna nan garau

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Don Allah matsala nake da ita da dikodata ta dish, yau kusan sati biyu kenan tashoshin HD duk sun daina kamawa, da farko hoton ne yake kakkaryewa yana yin gida-gida sauti na yankewa, yanzu kuwa sai dai ta rubuta min babu sigina, amma sauran tashoshin suna yi lafiya lau. Na cire wuta na mayar ya fi a ƙirga, kuɗin watana ma bai ƙare ba. Abin ya fara ne washegarin wani ruwa da iska da aka yi da dare. Wani abokina ya ce dikodar ce ta mutu in sayi sabuwa, wani kuma ya ce in goge komai in mayar da ita saitin kamfani. Wanne zan bi? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka bi ko ɗaya tukuna, kuma ka mayar da kuɗinka aljihu. Dikodar da ta mutu ba ta zaɓen tasha, tunda tana nuna maka sauran to tana da ranta. Ni dai tunda ka ambaci iskar nan hankalina ya tafi waje, wajen dish da wayarsa.

Ga dalili. Talabijin na da in sigina ta yi rauni sai ka ga hoto yana yayyafi amma dai ana kallo a haka, shi kuwa na dijital bai san wannan lallaɓawar ba, ko dai ya kawo tas ko ya kakkarye ya ɗauke gaba ɗaya. To su tashoshin HD bayanan da suke ɗauke da su sun fi yawa, galibi ana turo su ne da tsarin DVB-S2, kuma sau da yawa ana cusa bayanai uku a gurbin da tsohon tsari yake sa biyu, saboda haka sun fi buƙatar sigina mai tsabta. Kamar mutum biyu ne suke maka magana daga nesa, ɗaya a hankali ɗaya yana zuba da sauri, in iska ta taso mai saurin zaka fara rasawa. Tauraron da dish ɗinka yake kallo yana can sama kusan kilomita 36,000, gocewar da idonka ma ba zai gani ba ta isa ta kwashe maka HD ta bar maka sauran.

Ɗauki rimot ka shiga menu ka nemo inda ake nuna sigina. Zaka ga layi biyu, na ƙarfi da na inganci, a allon yawanci Strength da Quality ake rubutawa. Mutane da yawa na farkon suke kalla su ce ai siginata a cike take, alhali shi wannan yana iya cika ko da dish ɗin ya kauce, don kusan abin da yake gaya maka kawai shi ne waya tana haɗe kuma LNB, wato ɗan abin nan da yake gaban dish yana kallonsa, yana samun wuta. Na ingancin shi ne mai maganar. Duba shi a tashar da take yi, sannan ka koma tashar HD ka sake dubawa, in ka ga ya faɗi ƙasa ko yana ta tsalle yana dawowa to mun kama ɓarawon.

Sai ka kashe dikodar daga soket kafin ka taɓa waya, wannan kar ka yi wasa da shi, domin ta cikin wayar nan dikoda take tura wuta bolt 13 ko 18 zuwa LNB, ba zata ja ka ba amma in siririn gashin waya guda ɗaya ya taɓa jan ƙarfen tsakiya kana iya ƙona wani abu a banza. Kwance kan wayar daga jikin LNB, ka duba tsinin tsakiyar. Ya kamata ka gan shi ja yana ƙyalli. In ya yi kore-kore ko baƙi, ko ka ga danshi a ciki, ruwa ya shiga, sai ka yanke wayar baya har inda ta bushe ka sa sabon kai ka naɗe da tef sosai. Ka kuma duba farar murfin gaban LNB ɗin ko rana ta tsaga ta.

In waya lafiya take, sa wani ya tsaya gaban talabijin yana kallon layin ingancin, kai kuma ka ɗan danna gefen dish ɗin da yatsa a hankali, dama, hagu, sama, ƙasa, ba tare da ka kwance komai ba. Duk ɓangaren da dish ɗin ya karkata aka ce maka layin ya hau, daga can iska ta ture shi. Ka yi alama da biro a jikin ƙarfen kafin ka sassauta noti, in ba haka ba ka rasa har waɗanda suke yi ɗin. In kuma dish ɗin a saman rufi yake don Allah ka kira mai gyara, kallon ƙwallo bai kai karaya ba.

Akwai kuma abin da yake rikita mutane, LNB yana iya lalacewa rabi. Da canjin wutar nan ta 13 da 18, da wata ƙara ta kilohaz 22 da dikoda take aikawa, da su yake zaɓen rukunin tashoshi huɗu, in ɗaya ya mutu sai tashoshin rukunin kaɗai su ɓace, wataƙila kuma a nan naka na HD suka taru. In kana da mai raba waya zuwa ɗaki biyu cire shi ka gwada kai tsaye, yana cin sigina. Bayan duk wannan ne zaka sake sikanin tashoshi, don masu tashar sukan canza mita. Saitin kamfani kuwa shi ne ƙarshe, kuma ka ɗauki hoton duk saitinka da waya kafin ka danna.

Inda zan yarda da abokinka na farko guda ɗaya ne, in inganci ya cika, sauti yana fita amma allo baƙi ƙirin ko ta rubuta ba ta gane tsarin hoton ba. Wannan yakan faru in tashar ta koma sabon tsarin hoto na H.265 ita kuma dikodar tsohon tsari na H.264 kaɗai ta sani, kuma babu saitin da zai koya mata. Amma naka da ya fara da kakkaryewa bayan iska, bana jin shi ne.

TAMBAYA: Malam ni kuma sabuwar dikoda mai HD na saya amma wallahi hoton bai fi na tsohuwar ba, ko jabu aka ba ni? Daga wata mai karatu.

AMSA: Hajiya leƙa bayan talabijin ɗin. In wayar nan mai kai uku ce, rawaya da fari da ja, to ita ce, rawayar ba ta iya ɗaukar HD ko wace irin dikoda aka haɗa mata. Sa wayar HDMI, ki canza talabijin ɗin zuwa ramin da kika soka ta, sannan ki shiga saitin hoto na dikodar ki ɗaga shi daga 576 zuwa 1080, in talabijin ɗin bai ɗauka ba ki bar shi a 720. Kuma ki tabbata tashar da kike gwadawa da ita HD ce, don wasu tashoshin sau biyu suke fitowa a jerin, ɗaya da HD a gaban sunanta ɗaya babu.