Tambaya da Amsa: Yawan ambato ne ma'aunin ƙwarewar mai bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan fara digiri na biyu a fannin bayokemistiri, kuma cikin malamai biyu nake son zaɓar wanda zai duba aikina. A Google Scholar, manhajar neman maƙalun bincike, na ga ɗaya ya ninka ɗayan wajen yawan ambaton maƙalunsa. Wannan ya isa hujja? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bai isa ba. Ambato, wato wani mai bincike ya kafa hujja da maƙala a cikin tasa, yana nuna an yi amfani da ita ne kawai, kuma fanninki ya fi kowane shaida a kan haka. A ƙidayar da mujallar Nature ta buga a 2014, maƙalar da ta zo ta ɗaya a duk tarihin kimiyya ita ce ta Oliver Lowry da abokan aikinsa uku ta 1951, kan hanyar auna yawan furotin, da ambato sama da 300,000. Ta Laemmli ta 1970 ke bi mata, sai ta Bradford ta 1976. Dukansu dabarun ɗakin gwaji ne da duk mai auna furotin ko tace shi zai ambata. Maƙalar Watson da Crick ta 1953 kan ƙirar DNA kuwa ko ɗarin farko ba ta shiga ba, don abin da ya shiga littafin aji an daina kafa masa hujja.

Lambar h da kike gani a gefen shafin malamin a Google Scholar, Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro ta a 2005. Mai h 12 yana da maƙaloli 12 da aka ambaci kowace aƙalla sau 12. Shekaru ke ƙara mata auki, ko da mutum ya daina shiga ɗakin gwaji, saboda haka ki dubi layin shekaru biyar na baya-bayan nan. Ki kuma gwada da Scopus, wani rumbun maƙalun da aka tantance. Google Scholar yana ƙirga kundin digiri da abin da ba a tantance ba, shi ya sa lambarsa kan fi yawa, a Scopus kuma za ki iya cire ambaton da mutum ya yi wa kansa.

Abin da ya fi shafarki shi ne jerin sunayen marubutan kowace maƙala. A al'adar wannan fanni, na farko shi ya yi yawancin gwajin, na ƙarshe shi ne jagoran binciken. Ki ware maƙalun da malamin ya zo a ƙarshe, ki ga ko ɗalibansa ne a farko. Idan haka ne, yana kai ɗalibi har ga wallafa. Idan kullum a tsakiyar mutum goma sha yake, ki karanta sakin layin da ke bayyana rawar kowa. Sau da yawa ganye ko jini kawai ya tattara ya aika Turai, can aka yi aikin. Ba laifi ba ne, amma ba zai koya miki sarrafa na'ura ba. Maƙalun bitar ayyukan wasu ma ki ware su, sun fi jan ambato alhali ba gwaji a cikinsu.

Wani abin lura a wajenmu: masu suna Abubakar, Ibrahim da Muhammad suna da yawa, kuma manhajar kan cusa wa mutum maƙalar takwaransa. Lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike mai alƙaluma 16, ce ke raba gardama.

Tambaya: Maƙalata ta shekara biyu da fitowa, ba wanda ya ambace ta. Aikin ne ba shi da kyau? Daga wani ƙaramin malamin jami'a a Sakkwato.

Amsa: Ba lallai ba ne, Malam. Wanda ya karanta ka yau sai ya gama gwajinsa, ya rubuta, an tantance, kafin sunanka ya bayyana a tasa maƙalar. Aikin Katalin Karikó da Drew Weissman na 2005 kan mRNA, sinadarin da ke ɗaukar saƙon DNA don a ƙera furotin, ya daɗe ba a damu da shi ba, kuma shi ya kai su ga kyautar Nobel a 2023.

Sai dai ka bincika ko mujallar tana cikin PubMed, rumbun maƙalun fannin lafiya, ko Scopus, domin wadda ke karɓar kuɗi ta buga cikin mako guda ba mai neman ta. Nan gaba ka sa sunan kimiyya na sinadarin ko tsiron da ka yi aiki a kai a take, ka kuma rubuta yawan zafi, lokaci da ƙarfin kowane sinadari dalla-dalla yadda wani zai iya maimaita gwajin.